Me ya sa wata rana muke farawa daga Butre, wata rana daga Dixcove

Ɗana, na ga takardar da ka bari a shago, wadda ka tsara fitar baƙin nan masu yawon buɗe ido na makon gobe a gaɓar tekun yammacin Gana. Ka sa a tashi Takoradi ƙarfe 9, a fara da tsohon sansanin Turawa na Dixcove, a yi tattakin bakin teku daga Busua zuwa Butre da tsakar rana, sannan a ƙara da Cape Three Points da Princes Town don baƙi su ga kuɗinsu bai tafi a banza ba. A ƙasa kuma ka rubuta tambaya: me ya sa ni ba na tsayawa kan tsari ɗaya, yau in fara daga Butre a gabas gobe daga Dixcove a yamma, kuma me ya sa nake tsayawa a sansani biyu alhali ga wasu kusa.

Ka duba takardarka da kyau. Ka rubuta lokacin tashin mota, ka rubuta lokacin cin abinci, amma babu inda ka rubuta lokacin da ruwa zai ja. To shi ne farkon abin da ake dubawa, kafin a kira direba ma. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Wanda ya bi bakin ruwa ranar Asabar ƙarfe 9 ya tarar da yashi shimfiɗe, in ya koma Asabar mai zuwa a daidai wannan lokaci zai tarar ruwa ya kai gindin kwakwa. Jadawalin cikar teku na tashar jiragen ruwan Takoradi shi muke bi, yana cikin waya. Kai da ka san kwanan wata ma kana da sauƙi: lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika ranar sha huɗu, ruwa ya fi cika sosai kuma ya fi ja sosai. A tsakaninsu bambancin kaɗan ne.

Abin da ya sa wannan ya dame mu shi ne ƙafa. Tsakanin Butre da Busua kusan kilomita 3 ne, wani yanki tudu ne ta cikin kurmi, sauran duk yashi. In ruwa ya ja, yashin da ya bari a jiƙe yake, a daddale, tsohuwa ma za ta taka shi tana hira. In ya cika, dole ka koma sama inda yashi ya bushe, ƙafa na nutsewa har idon sawu, kowane taku biyu ɗaya ne. Baƙon da ya saba da ofis da mota, minti ashirin a wannan yashin da rana a ka sun ishe shi ya daina jin abin da kake faɗa. Daga nan ko tarihin duniya ka zuba masa, tambayarsa ɗaya ce: saura nawa mu kai?

Don haka in ruwa zai ja da hantsi, Butre ake farawa. Mota ta bar Takoradi ƙarfe 6, a karya a Agona Nkwanta in ba su karya ba, a isa Butre rana ba ta yi zafi ba. A hau tudun sansanin Batenstein nan take, don hawan yana da tsayi kuma saman ba inuwa sosai. A sauko, a haye tudun yamma, a faɗa yashi rana na bayanku, teku na hannun hagu. Rana a baya ba ƙaramin abu ba ne: ido ba ya wahala, hoto kuma yana fita. Kafin azahar kuna Busua, a zauna inuwa. Sai ƙarfe 3 ta wuce a haye gadar da ke ƙarshen garin a bi tudu zuwa Dixcove, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ga mai ƙafa. In kuwa jadawali ya nuna ruwa a cike yake da safe, sai a juya: Dixcove da safe tunda hanyarta ta tudu ce ba ruwanta da teku, hutu a Busua, da la'asar ruwa ya ja a miƙa gabas zuwa Butre, nan ma rana na baya. A hau Batenstein da sanyin yamma. Amma ƙarfe biyar da rabi ta same ku a ƙasa, domin a nan rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya sallama.

Yanzu maganar tarihin, wadda na ga ka fi ƙwazo a kai. Na ji ka ranar nan a Dixcove, tun daga bakin ƙofa ka fara jero shekaru, ka kai kusan rabin awa mutane na tsaye a rana suna sauya ƙafa. Abin da ka faɗa daidai ne, wurin faɗar ne ba daidai ba. Labari ana ba da shi ne inda ido zai kama shi.

A saman Batenstein, kafin ka buɗe baki, ka bar su su huce su sha ruwa su duba ƙasa: bakin kogin da ya shiga teku, gadar katako, kwale-kwale jere a gaɓa, rufin gidajen garin. Sai ka tambaye su, in su ne da igwa, ina za su kafa ta? Da kansu za su nuna inda suke tsaye. Sannan ka gaya musu mutanen Suwidin ne suka fara kafa rumfar ciniki a nan wajen 1650, Turawan Holan suka ture su suka gina wannan sansani a 1656, kuma a watan Agusta na shekarar suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta, mutanen wannan yanki, wadda ta ɗore har 1872 lokacin da Holan ta miƙa wa Ingila duk abin da take da shi a wannan gaɓa. Ya isa haka. Ka nuna musu bango, su taɓa dutsen, su ga inda saiwar itace ta tsaga shi. Ka hana yara hawa katanga, kango ne.

Labarin Sarki Badu Bonsu na biyu kuwa ka riƙe shi, kada ka ɓarar da shi a kan tudu. Sai kun yi nisa a yashi, Busua ta fara bayyana, wani ya fara jan ƙafa, sannan ka tsayar da su a inuwar kwakwa ka ce: garin can da kuke hange nan ne gidan sarautar Ahanta. A 1837 rikici ya ɓarke tsakanin sarkin da Turawan Holan, aka kashe jami'ansu biyu, muƙaddashin gwamnansu Tonneboeijer ya fito da mayaƙa don ramuwa shi ma aka kashe shi. A 1838 Holan ta aiko Janar Jan Verveer da runduna, aka kama sarkin aka rataye shi, aka yanke kansa aka tafi da shi Turai. Kan nan ya zauna cikin kwalba a asibitin jami'ar Leiden fiye da shekara 170, sai a Yulin 2009 aka miƙa shi ga wakilan Ahanta suka dawo da shi gida. Ka lura da fuskokinsu bayan ka faɗa. Wanda ke tambayar saura nawa zai manta da ƙafarsa, sauran tafiyar da tambayoyi za a ƙarasa ta. Kuma da yake kana dab da shiga garin mutanen, ka faɗi labarin da ladabi, kamar jikan sarkin na tsaye a bayanka, don wata rana yana tsaye ɗin.

A Dixcove aiki ya fi sauƙi tunda ginin na tsaye da farin fentinsa, ga igwoyi, ga mashigin ruwa cike da jiragen masunta a ƙasa. Kamfanin Ingila mai suna Royal African Company ne ya fara gina shi a 1692. A 1868 Ingila da Holan suka yi musayar sansanoni, wannan ya faɗa hannun Holan suka sa masa sunan da ya zama Metal Cross, shekara huɗu kacal ya koma hannun Ingila. Shi da Batenstein duka suna cikin sansanonin Gana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Akwai mai kula da wurin, shi ke da makulli kuma shi ke zagayawa da mutane a ciki. Ka gaishe shi, ka biya kuɗin shiga ka karɓi rasit, ka bar shi ya yi bayaninsa. Kada ka gyara masa magana gaban baƙi ko da ka ji ya kauce, ka bari sai kun fito.

A nan maganar bayi za ta taso, dole. An tsare mutane a waɗannan gine-gine an sayar da su, wannan ba abin ɓoyewa ba ne kuma ba abin ƙawatawa ba ne. Tun 2019 da Gana ta yi shekarar komowa gida, wato gayyatar jikokin bayin da aka kwashe su zo su ga tushensu, baƙaƙen fata daga Amurka da Karibiyan sun ƙaru, wasunsu ba yawon buɗe ido ya kawo su ba, ta'aziyya suka zo yi. In ka ga mutum ya tsaya shiru ya dafa bango, ka ja sauran gaba ka ba shi wuri. Kada ka ɗauko abin da ka ji a sansanonin Elmina ko Cape Coast ka liƙa wa Dixcove don labari ya yi armashi. In an tambaye ka abin da ba ka riƙe ba, ka tura wa mai kula da wurin.

Cape Three Points da Princes Town da ka ƙara, cire su. Wurare ne masu kyau, fitilar jiragen ruwa ta Cape Three Points da sansanin da Jamusawan Brandenburg suka gina a 1683 kowanne ya cancanci yini guda. A taswira kusa suke, amma hanyar ba ta san taswira ba, balle a watan Mayu da Yuni da ruwan sama ke sauka a wannan yanki kamar da bakin ƙwarya. Za ka cinye awannin hutun baƙi a cikin mota, ku isa a gaje, ku dawo da dare. In sun nace, ka sayar musu da kwana na biyu.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata fita. Daren jajibiri ka kira kowa ka tambayi takalmin da zai sa. Silifas na yi a yashi, ba ya yi a tudu. Sabon kambas kuma bororo zai fitar kafin Busua. Ka tambayi mai hawan jini da mai ciwon sukari da mai ciwon gwiwa a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Ruwa aƙalla lita biyu kowane mutum, kai kuma ka ɗauki ƙari, da filasta da garin gishiri da sukari na sha. Ka ɗauki yaron gari daga Butre ya raka ku ta cikin kurmi ka biya shi a gaban idon mutanensa. Ya san inda hanya ta rabu, kuma ganinsa tare da ku ya fi kowace takarda. Shi a gaba, kai a baya tare da wanda ya fi kowa nauyin ƙafa. Ka ƙirga kawuna duk inda aka tashi.

In fitar ta faɗo ranar Talata, ka sanar da su tun farko cewa masunta ba sa shiga teku ranar, za su ga jirage a gaɓa ana ɗinkin koma, ba za su ga ana jawo kifi ba. Hoto kuma, ko na mai ƙyafe kifi ko na yaro, sai an nemi izini. Akwai lokutan da ciyawar teku mai ruwan ƙasa ke taruwa a gaɓa tana wari, abin da ya fara yawa tun 2011. Ka buga waya Busua ka ji halin da ake ciki kafin ka yi wa kowa alkawarin farin yashi.

Wanka a teku, a Busua kaɗai, inda masu koyar da hawan igiyar ruwa suke suna gani. A tsakiyar hanya ko sun roƙe ka kada ka yarda. Inda ka ga ruwa ya yi lumui tsakanin raƙuman ruwa biyu, launinsa ya ɗan sauya, nan ne yake komawa ciki da ƙarfi, kuma nan ne baƙo zai zaɓa don ya ga kamar ya fi kwanciya. Ka gaya musu tun suna kan yashi: wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, gefen da gaɓa ta miƙa, har ya fita daga jan.

In akwai Musulmi a ciki, kamar 'yan Kumasi da Tamale da ke zuwa hutun makaranta, azahar a Busua za ta same ku. Ruwan teku na alwala, alƙibla kuma ka fuskanci gabas ka ɗan karkata arewa, teku na damanka. Abinci ka yi odarsa tun kuna Butre, dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da yajin shito, ko wake da shinkafa ga wanda bai saba ba, don in sai kun zauna za a hura wuta, la'asar za ta same ku kuna jiran faranti.

Direba kuma kada ya zauna inda ya sauke ku. Ya zagaya ta Agona ya jira a Busua da tsakar rana, ko da wani zai ce ya gaji ya shiga mota, sannan ya wuce inda za ku ƙare. Ka sake rubuta takardar, lokacin janyewar ruwa na ranar a layin farko, ka kawo min gobe bayan sallar isha'i mu duba tare.