Ilimin Abinci Mai Gina Jiki: Karatun Girki Ne Ko Aikin Asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta nemi likitanci, makinta na JAMB bai kai ba, sai aka ba ta gurbin ilimin abinci mai gina jiki. Dangi na cewa girki kawai za ta koyo. Ta karɓa ko ta jira baɗi?
Wata uwa, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai ɗakin girki a sashen, amma ba shi ke kayar da ɗalibai ba. Kemistiri ke kayar da su. A shekarar farko za ta yi kemistiri da bayoloji da fizis da lissafi, daga nan ta shiga ilimin sinadaran jiki da yadda hanta da ƙoda da zuciya ke aiki. Wanda ya shigo da tunanin hutu ya zo yi, a aji biyu yake fara tara kwasa-kwasan da zai maimaita.

Ga abin da ake shirya ta ta yi. An kawo yaro mai tamowa, tsakanin wata 6 da wata 59. Za ta naɗa tef ɗin awo mai launuka a tsakiyar dantsensa na hagu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya, tamowa matsakaiciya. Sai ta danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa 3, in rami ya zauna to akwai kumburi. Idan yana iya ci kuma babu wata cuta mai tsanani, a gida za a kula da shi da haɗin gyaɗar nan na leda, mai nauyin giram 92 da kalori 500. Idan ya ƙi ci, kwantar da shi za a yi, a fara da F-75, madara ta musamman ta masu tamowa, kaɗan-kaɗan, duk awa biyu zuwa uku.

A nan tausayi ke yin ɓarna. Mai jinya ta ga yaro ƙashi da fata, sai ta so ɗura masa abinci. Jikin da ya daɗe da yunwa, in abinci ya zo masa da yawa lokaci guda, sinadaran fotasiyam da fosfet sukan bar jini su shige cikin ƙwayoyin jiki, zuciyar da dama ta raunana ta gaza. Haka kuma ba a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ayon a kwanakin farko, ko da idonsa ya yi fari fat, don ƙwayoyin cuta ma da sinadarin ayon suke ƙaruwa. Wanda bai fahimci kemistiri ba haddar wannan zai yi, ranar da yaro ya zo da wata matsala daban kuwa sai ya ruɗe.

In tana iya kemistiri, ta karɓa. In kuwa likitanci ne kaɗai a ranta, kada ta shiga da fatan sauya kwas daga baya, guraben ba su da yawa.

Tambaya: Malam, bayan an gama, ina ake aiki?
Wani ɗalibi, Gusau

Amsa: Digiri shekara huɗu ne a mafi yawan jami'o'i. A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, babba shekara biyu. Mai son aikin asibiti sai ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a babban asibiti. Ɗalibai da yawa suna sakaci da wannan matakin, daga baya su rasa gurbin aiki.

A asibiti masu ciwon suga da hawan jini da ƙoda za ka fi gani. Ba ka rubuta magani, abinci kake tsarawa. Misali, mai hawan jini gishirinsa kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya, wanda yawancin marasa lafiya ba sa lissafawa. Bayan asibiti akwai cibiyoyin kula da tamowa, kamfanonin sarrafa abinci, da hukumar NAFDAC.