Abin da limaman Buddha ke rerawa a Tailan: waƙa ce ko karatu?

Malam, ka tambaya ko abin da ka ji masu mayafin ruwan goro suna rerawa waƙa ce, kuma ko tana ƙara musu wani abu a ibadarsu. Mu da muka daɗe a Bankok muna maƙwabtaka da su, amsarmu ita ce su kansu ba sa kiranta waƙa. Karatu ne da harshen Pali, tsohon harshen littattafan addininsu, safe da yamma, murya a miƙe, ba ganga ba garaya.

Dokarsu ma ta taka wa waƙa birki. A ranar Wan Phra, wato ranar ibadarsu wadda ke zuwa sau 4 a wata, mabiyin da ya ɗauki alkawura 8 zai bar rawa da waƙa da kiɗa da kallon wasa. Shi ne alkawari na bakwai. Limamai kuwa kullum haramcin na kansu.

Dalilin yana cikin littattafansu. Buddha ya lissafa illoli 5 ga mai jan karatu da muryar mawaƙi: ya shagala da daɗin muryarsa, masu sauraro su shagala, mutanen gari su ce ashe limaman ma mawaƙa ne irinmu, natsuwarsa ta watse wajen neman gyara sauti, na baya kuma su gaji ɗabi'ar. Ta huɗun ce ta fi damun masu zaman tunani, domin da zarar kunne ya koma jiran inda murya za ta lanƙwasa, ma'ana ta wuce. Wanda ya san takaddamarmu a gida kan bege da mandiri ba zai ji baƙon abu ba.

Amma baiti kansa ba su ƙi shi ba, da shi ma ake hadda. Dhammapada, littafin koyarwar Buddha, baiti 423 ne, kuma awon baiti ke riƙe kalma kada ta zame daga ka.

Inda suke sakin murya shi ne bikin Thet Mahachat. Labarin yarima Wetsandon mai kyauta ne, babi 13, baiti 1,000, limamai na karɓa-karɓa har a sauke a yini guda. A babin da ya bayar da 'ya'yansa 2, mai karatu kan karya murya har tsofaffin mata su riƙa share hawaye. Makaɗa na gefe, sai an kai ƙarshen babi su buga, limami na buɗe baki su yi tsit.