Tambaya da Amsa: Faifan Ella Fitzgerald na Waƙoƙin Jobim

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan marigayi mahaifina na tarar da wani tsohon faifai na Ella Fitzgerald, inda take rera waƙoƙin wani mai suna Jobim. Na san ta da jazz, amma kiɗan wannan faifan ya fita daban. Shin jazz ne ko kuwa kiɗan Birazil? Daga mai karatu a Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ji ƙan baba. Bisa ga bayaninka, faifan shi ne "Ella Abraça Jobim", wanda kamfanin Pablo ya fitar a 1981, lokacin da ta haura shekara 60. Waƙoƙin na Birazil ne, rerawar kuwa ta jazz ce.

Ana kiran wannan salo bossa nova, kuma ya tsiro ne a birnin Rio de Janeiro a ƙarshen shekarun 1950, a hannun Antônio Carlos Jobim mai tsara kiɗa, da marubuci Vinicius de Moraes, da João Gilberto mai kaɗa jita. Tushensa samba ne, kiɗan ganguna da ya samo asali daga 'yan Afirkan da aka kai can a zamanin bauta. Abin da Gilberto ya yi shi ne ya tattara aikin makaɗa da yawa ya ɗora a kan jita guda: babban yatsa yana riƙe da bugun babbar ganga a kan kauraran tsirkiya, sauran yatsun suna tsinke sirara a tsakanin bugu da bugu, muryar kuma tana tafiya a hankali, wani lokaci ta riga kiɗan, wani lokaci ta bi bayansa. Mu da muka tashi da highlife ba za mu ji wannan bugun baƙo ba. Dangantakar ma ta girmi kiɗan, domin 'yan Tabom na unguwar Jamestown da ke Accra zuriyar waɗanda suka dawo daga Birazil ne a ƙarni na 19.

Mawaƙan jazz na Amurka sun rungumi salon gadan-gadan tun 1962, sannan faifan Stan Getz da Gilberto na 1964 ya lashe kyautar Grammy a 1965. Frank Sinatra ma ya yi nasa tare da Jobim a 1967.

A ganina, faifan Ella yana da daɗi, musamman inda jitar Joe Pass ke mara mata baya, amma ba da shi ya kamata a auna bossa nova ba. Yawancin waƙoƙin da Turanci ta rera su, kuma muryarta mai yawan ado tana cika gurbin da Gilberto yake bari da gangan. Ka nemi faifansa na farko na 1959 a intanet, ka saurare shi, sannan ka koma kan na baba. Kafin ka ɗora allura, ka goge ƙurar faifan da tsumma mai laushi.