Lasisin gajeren wa'adi ko na dogo? Amsar maigida ga yaronsa

Ka ce mini, "Maigida, lasisina na tuƙi ya kusa ƙarewa. Akwai na shekaru kaɗan mai sauƙin kuɗi, akwai na shekaru da yawa mai tsada. Wanne zan yanka?" Na ji daɗi da ka yi tambayar tun da sauran lokaci, don yara da yawa sai an tare su a hanya suke tunawa da cewa katin yana da ranar mutuwa.

Da wani ne ya tambaye ni, wanda ya riga ya zauna a kan motar da zai ci gaba da ja, da na ce masa ya yanki dogo, ya huta. Amma kai, yarona, a wannan karon gajere za ka yanka. Zauna ka ji dalili.

Fara da lissafi. Kada jimillar kuɗin ta tsorata ka, raba ta da yawan shekaru. Mu ƙaddara, misali kawai, na shekara 3 ana biyan 60, na shekara 5 ana biyan 85, kowane irin kuɗi ne. Na farko ya tashi 20 a shekara, na biyu 17. Cikin shekara 15, mai gajere zai sabunta sau biyar ya biya 300, mai dogo sau uku ya biya 255. Wanda ake kira mai tsada shi ne mai arha. Amma fa ka yi rabon da kanka kowane lokaci, don akwai inda farashin shekara ɗaya yake daidai ko ka ɗauki gajere ko dogo, babu rangwamen komai.

Kuma wannan lissafin na takarda ne. Asarar da ta fi ci wa direba rai ba ta fitowa a rasit. Ranar sabuntawa ranar aiki ce da ta tafi. Ka yi sammako, ka bi layi, a gwada maka ido, ka zauna jiran hoto da ɗaukar zanen yatsa, na'ura ta tsaya, a ce ka dawo gobe. Duk wannan lokacin motarka tana fake, lodin da ya kamata ka ɗauka wani ya wuce da shi. Idan kuma takardar wucin gadi aka ba ka kafin katin ya fito, haka za ka riƙa yawo da ita a aljihun gaba, gumi ya jiƙa ta, ta fara yagewa ta wajen ninki, kana lallaɓa ta duk inda aka ce ka nuna. Ma'aikacin ofis yana iya neman izini ya je ya dawo, albashinsa na nan. Mu da muke ci daga sitiyari, ranar da taya ba ta juya ba, babu ita. Sai ka ɗora kuɗin wuni ɗaya ko biyu a kan kowace sabuntawa, sannan ka sake duba wanne ne mai arha.

Akwai kuma ƙarin kuɗi. Hukuma takan ɗaga kuɗin lasisi lokaci zuwa lokaci, kuma da wuya ka ji ta rage. Wanda ya biya na shekaru da yawa ya riga ya kulle nasa a tsohon farashi.

To me ya sa na ce kai ka yanki gajere? Saboda ajin lasisinka zai canza. Yanzu na ƙaramar mota gare ka, kuma kai da ni mun san inda muka dosa: babbar mota. Ranar da ka ci gwajin, sabon kati za a buga maka da sabon aji, ka sake biya, kuma kada ka sa rai a mayar maka da kuɗin shekarun da suka rage a tsohon. Meye amfanin sayen shekara biyar kana shirin ajiye katin bayan biyu? Haka nan wanda ke shirin komawa wata ƙasa ko wata jiha da za ta nemi ya yi nata lasisin. Haka wanda sai ya ci bashi kafin ya cika kuɗin dogo. Idan bashin mai ruwa ne, ruwan zai cinye ɗan rangwamen har ya ƙara da wani abu.

Ka kuma sani zaɓin ba ko'ina yake ɗaya ba, kuma ba kowa ake ba shi ba. A Najeriya shekara 3 ne ko 5. Wasu jihohin Amurka suna ba da 4 ko 8. A jihar da birnin Sidni yake, a Ostireliya, akwai na shekara 1, 3, 5 da 10, amma na 10 sai mai shekaru 21 zuwa 44. A Tarayyar Turai, tun 2013, katin ƙaramar mota yana yin shekara 10, wasu ƙasashe kamar Jamus 15, amma na manyan motoci da bas shekara 5 ne kawai. A Birtaniya direban babbar mota idan ya kai 45 sai likita ya duba shi duk shekara biyar, daga 65 kuma duk shekara. A Amurka takardar lafiyar direban babbar mota ba ta wuce wata 24, ko da katin nasa yana da sauran shekaru.

Ka ga inda duk suka haɗu? Da mota ta ƙara nauyi, ko direba ya ƙara shekaru, sai a rage wa'adi. Ni ina goyon bayan wannan, kuma ina so ka fahimce shi tun kana yaro. Kati yana iya cewa kana da sauran shekara huɗu, idonka kuma ya ce a'a. Ido ba ya sanarwa. A hankali za ka ga allon hanya da kake karantawa daga nesa sai ka matso, fitilar mai tahowa da daddare ta fara watsewa a gilashi ta rufe maka gefen titi. Mai jan tirela da lodi ba ya tsayawa nan take, ka sani, ka ga tazarar da take ci bayan an taka birki. Don haka duk ranar da ka yanki dogo, kada ka jira hukuma, ka riƙa kai kanka gwajin ido a tsakani.

Dogon wa'adi yana da wani tarko guda, mantuwa. Wanda bai je ofishin ba shekara biyar ko goma, ranar sai ta shige masa. Tuƙi da mataccen lasisi laifi ne, akwai tara, kuma idan tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, kamfanin inshora yana iya samun hujjar ja da kai. Mai mota ma ba zai ba ka makulli ba. A wasu wuraren idan ya daɗe da mutuwa har sai ka sake gwaji daga farko. Rubuta ranar a wayarka, ta tuna maka da saura wata biyu.

Idan ka je, ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ka karɓi rasit ka adana. Masu tare mutum a bakin ƙofa su ce za su fito masa da shi da wuri, ka yi musu sallama ka wuce, don katin da ba ya cikin rajistar hukuma ko shekara nawa aka rubuta a jikinsa ba lasisi ba ne. Kafin ka bar tagar, duba sunanka, ranar haihuwa, aji da ranar ƙarewa, harafi bayan harafi. Gyara a nan take ya fi sauƙi a kan dawowa daga baya.

Gobe ka zo mini da tsohon katin mu duba ranar tare, in ba ka wunin da babu lodi ka je. Idan kuɗin bai cika ba ka faɗa mini, kada ka ji kunya. Da yamma kuma mu koma kan ribas da madubi, don shi ne ya rage maka kafin in yarda ka shiga gwajin babbar mota.