Abokina ya rasu a hanyar Ngaundare, shin jininsa yana wuyana?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan Damagaram ne, daga Garin Malam. Mu huɗu muka fita yawon ganin ƙasa a kan moto, kowa da nasa. Muka bi ta Magariya zuwa Kano, Jos da Yola, muka shiga Kamaru. Magariba ta same mu a Mbe, tsakanin Garwa da Ngaundare. Aminina ya ce mu kwana, ni na matsa na ce saura kaɗan. A hawan dutsen da ke gaba ya yi karo da babbar mota a wata kwana, ko gidan likita bai kai ba. Musulmin Ngaundare suka yi masa sutura washegari. Na kira yayansa, shi kuma ya ɓoye wa matar da mahaifiyar har na dawo bayan kwana 8. Malam, akwai azumin kaffara a kaina? Hajiyarsa tana so a tono shi a kawo gida. Kuma matarsa daga yaushe za ta ƙirga takaba? Wallahi ba na barci.

Amsa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan, ya ba ku haƙuri.

Ɗana, zan fara da abin da ya hana ka barci. Babu kaffara a kanka, babu diyya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora ƴanta bawa, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba, tare da diyya, a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Malamai suka ce mutum yana shiga wannan hukunci ta ɗayan hanya biyu: ko hannunsa ne ya aikata, ko shi ne ya kafa sanadin ta hanyar ta'addanci ko sakaci, kamar mai haƙa rami a kan hanyar jama'a. Kai ba ka buge shi ba, ba ka tare masa hanya ba, ba kai ka goyo shi ba. Baligi ne mai hankali, kan motonsa yana hannunsa, ya ji maganarka ya bi da zaɓinsa. Shawara, ko da ba ta yi kyau ba, ba kisa ba ce. Da a bayanka yake zaune kana sheƙa gudu a wannan kwana, ko ka san burkinka ya mutu ka ɗauke shi, to da amsata ta bambanta, da na ce ka fara azumi kuma danginka na wajen uba su shirya diyya. Ina faɗin wannan don masu goyo da ke karantawa su sani.

Amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Hawan dutse cikin duhu, a hanyar da ba ku sani ba, bayan wuni guda a kan sirdi, ganganci ne, kuma shi ya fi ka gaskiya da ya ce a kwana. Ka nemi gafarar Allah a kan wannan gaggawa, ka tsaya nan. Kada ka wuce zuwa "da na sani", domin Manzon Allah (SAW) ya ce a hadisin Muslim kalmar "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki, sai dai a ce Allah ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Ƙarshen Suratu Luƙman ya ce babu ran da ya san ƙasar da zai mutu. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa idan Allah ya hukunta bawa zai mutu a wata ƙasa, sai ya sanya masa wata buƙata a can. Ƙasar Ngaundare ce ta kira shi tun kafin ku ɗaura kaya a Damagaram.

Batun tono gawa, a nan nake so a bi Hajiya a hankali, don zafin uwa ba a yi masa gardama. A mazhabarmu ta Malikiyya ɗauke mamaci zuwa wani wuri ya halatta, kafin binnewa ko bayanta, da sharaɗin gawar ba za ta fashe ba, ba za a keta alfarmarta ba, kuma akwai maslaha, irin kusanto shi ga iyalinsa. A Muwaɗɗa an kawo cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu sun rasu a Aƙiƙ aka ɗauko su zuwa Madina. To amma Aƙiƙ a gefen Madina take, kuma ba a binne su ba tukuna. Shi naku ya kwana biyu a ƙasa, jikinsa da raunukan hatsari, ga iyaka biyu da za a tsallaka, ga takardu, ga zafin hanya. Sharaɗi na farko da na biyu ba za su cika ba. Saboda haka abin da nake gani shi ne bai halatta a tono shi ba. An wanke shi, an yi masa salla, yana kwance cikin Musulmi, haƙƙinsa ya cika. Ku tuna wa Hajiya cewa Annabi (SAW) ya sa an mayar da shahidan Uhudu inda suka faɗi. Ku karanta mata hadisin Abdullahi ɗan Amru da Nasa'i ya kawo, cewa wanda ya mutu nesa da mahaifarsa ana auna masa a Aljanna daga inda aka haife shi zuwa inda sawunsa ya ƙare. Kuɗin da za a kashe a ɗauko shi, a biya masa bashi da su, in ya rage a yi masa sadaka. Sallar ga'ibi kuwa ba ma yin ta a mazhabarmu, balle ga wanda aka riga aka sallata.

Takaba tana farawa daga ranar da ya cika, ba ranar da labari ya iso ba. Wannan shi ne ra'ayin Malik da mafi yawan malamai. Ta ƙirga wata 4 da kwana 10 da watan Musulunci daga ranar hatsarin, kwana 8 ɗin nan suna ciki, ba za ta rama su ba, babu laifi a kanta don ba ta sani ba. In tana da ciki, haihuwa ce ƙarshen iddarta. Yayan nasa ya yi nufin alheri, amma bai kyauta ba. Haƙƙinta ne ta sani a ranar.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ne yake wuyanka da gaske. Kai ne na ƙarshe da ya zauna da shi. Motonsa, ko da tarkace ne, da wayarsa, da sauran guzurin da ke aljihunsa, da kasonsa na kuɗin da kuka haɗa na mai da masauki, duk dukiyar magada ce. Ka rubuta su, ka miƙa gaban shaidu biyu, ko jaka ɗaya kada ta kwana wurinka da sunan tunawa. In ya taɓa gaya maka wani yana binsa, ko ya ci bashi don wannan tafiya, ka faɗa tun kafin a raba gado, don ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya. Ka nemo takardar da jandarmomin Kamaru suka rubuta a kan hatsarin, domin in laifin direban ne, abin da aka biya yana shiga gado, a raba shi yadda Allah ya raba. Sannan ka zauna da Hajiya ka ba ta labarin yadda aka yi masa sutura, wane liman ya sallace shi, wace maƙabarta ce, a wane gefe kabarin yake. Ka rubuta wannan a takarda ka ajiye wa ƴaƴansa, wata rana za su so su je.

Wallahu a'alam.