Tambaya da Amsa: Me ya sa ranar waliyyata ta faɗo a 8 ga Fabrairu?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Sunana na baftisma Josephine, an ce min waliyyata ita ce Josephine Bakhita kuma ranarta 8 ga Fabrairu, na ɗauka ranar haihuwarta ce sai wata ƙawata ta ce a'a. Dan Allah yaya ake zaɓar ranakun nan, kuma wacece ita ma?

AMSA: Sannu 'yar'uwa, ƙawarki ta yi gaskiya. Yawancin waliyyai a Cocin Katolika ranar rasuwarsu ake tunawa ba ranar haihuwa ba, don ana ɗaukarta a matsayin ranar da suka shiga rai madawwami. Bakhita ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947 a garin Schio na Italiya, shi ya sa. Ranar haihuwarta ma ita kanta ba ta sani ba, abin da aka iya cewa wajajen 1869 ne a yankin Darfur na Sudan.

Toh labarinta sai an daure. Tana 'yar ƙanƙanuwa masu fataucin bayi suka sace ta, tsabar firgici har sunan da iyayenta suka raɗa mata ta manta, masu fataucin ne suka sa mata Bakhita, daga nan kuma sai sayarwa daga wannan hannu zuwa wancan. A wani gida an tsaga jikinta da reza fiye da wuri 100 ana cusa gishiri a ciki don tabon ya zauna, ki tuna fa yarinya ce. A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya a Khartoum ya saye ta, daga baya ta bi shi Italiya, can aka ajiye ta wajen sistocin Canossa, wato matan da suka keɓe kansu ga hidimar Allah a coci, a Venice tana renon 'yar wani gida, da aka zo ɗaukarta ta ce ba inda za ta, magana ta kai kotu, a 1889 aka yanke cewa ita 'ya ce ba baiwa ba. An yi mata baftisma a 1890, ta yi alkawarin zama sista a 1896. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayan duk wannan rayuwarta ba wani hayaniya, girki ne da tsaron ƙofa da kula da kayan coci shekara da shekaru, kuma ta yafe wa waɗanda suka azabtar da ita da zuciya ɗaya. Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyya ran 1 ga Oktoba 2000, tun 2015 kuma ranar tata ta zama ranar addu'a a duniya kan safarar mutane.

Amma ba kowa ne ake bin ranar rasuwarsa ba. Yohanna Mai Baftisma ana bikin haihuwarsa 24 ga Yuni, Budurwa Maryamu 8 ga Satumba. Shi John Paul ɗin ya rasu 2 ga Afrilu 2005, amma da yake lokacin yakan faɗa cikin azumi ko makon Ista sai aka sa masa 22 ga Oktoba, ranar da ya fara aikin fafaroma. Monika kuma an ajiye ta 27 ga Agusta daf da ɗanta Agustin na 28, wanda ta yi shekaru tana kuka da addu'a a kansa kafin ya tuba. Sannan in 8 ga Fabrairu ta faɗo Lahadi kar ki yi mamaki in Fada, wato limamin coci, bai ambace ta ba, Lahadi ce ke gaba. Ki je Mas, wato ibadarmu ta coci, in da hali, ki yi addu'a domin waɗanda ake safararsu.

TAMBAYA: Malam ni ba ɗan Katolika ba ne, ina tambaya ne da girmamawa. Wai bauta wa waliyyan nan kuke yi? Kuma wa ke naɗa su?

AMSA: Ɗan'uwa na gode da yadda ka yi tambayar. A koyarwar Katolika sujada ta Allah ce shi kaɗai, waliyyai girmama su ake yi ana roƙonsu su yi mana addu'a, kamar yadda za ka ce wa wani mai tsoron Allah ya sa ka a addu'a, bambancin kawai mun gaskata su suna gaban Allah. Na san ba duk Kirista ne suka yarda da haka ba.

Batun naɗi kuwa bincike ne mai tsawo. A ƙa'ida sai an shekara 5 da rasuwa, bishop na yankin ya tattara shaidu da rubuce-rubucen mutumin a tura Roma, in aka tabbatar da mu'ujiza ɗaya, galibi warkewar da likitoci suka kasa bayaninta, sai a kira shi Mai Albarka, ta biyu ce ke kai shi ga waliyyi. Wanda aka kashe saboda bangaskiya ba a neman ta farkon. Fada Cyprian Tansi na Najeriya, wanda ya rasu a Ingila ran 20 ga Janairu 1964, ya kai matakin Mai Albarka a 1998, mu'ujiza ta biyun ake jira.