Itacen Filimas da gansakukar Konwal: wanne ya fi shiga haɗari?

Tambaya: Malam, na ji an ce a kudu maso yammacin Ingila akwai wani ɗan itace mai fure da wata gansakuka da doka ta hana taɓawa. Wanne ya fi kusa da ɓacewa? Ni dai gani nake itacen ne abin damuwa, gansakuka ai ko a bangon rijiya tana nan.

Amsa: Ɗan'uwa, wadda kake rainawar ce ta fi shiga uku. Gaskiya ne dokar Birtaniya ta kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta haɗa su biyun, amma halinsu ya sha bamban.

Itacen, Pyrus cordata, dangin tuffa ne, 'ya'yansa ba su wuce girman magarya ba, furensa fari mai wari. An gano shi a shingayen gonaki kusa da birnin Filimas a 1870. Ciwonsa shi ne ba ya barbarar kansa, kuma waɗanda suka rage jininsu kusan ɗaya ne, iri mai tsirowa ya yi wuya. Sai dai yana da 'yan'uwa a Faransa da Sifen da Fotugal, ana kuma iya dasa tohonsa a lambu.

Ita kuwa gansakukar, Ditrichum cornubicum, ba irin ta rijiya ba ce. Wata masaniyar tsirrai, Jean Paton, ta fara ganinta a yankin Konwal na kudu maso yammacin Ingila a 1963. Tsayinta 'yan milimita ne, sai ka durƙusa da gilashin ƙara girma kafin ka gane ta. A duk duniya ba a san ta ba sai a tsofaffin wuraren haƙar tagulla na Konwal da wuri guda a ƙasar Ailan. Ƙasar da gubar tagulla ta hana sauran tsirrai fitowa, nan ne gidanta. Tsiro maza kawai aka taɓa samu a cikinta, babu mata da za a yi barbara, don haka da 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin zaren saiwarta take yaɗuwa.

Abin da ke ba ni mamaki a nan shi ne yadda ake cetonta. Da zarar ciyawa ta rufe wurin, gansakukar ta mutu ke nan. Shi ya sa masu kula da ita kan kankare saman ƙasa da gangan, su bar fili tsirara. Mai wucewa zai ɗauka ɓarna suke yi.